Likita Dalziel, Mai Rubuta Sunayen Itatuwa

An haifi John McEwan Dalziel a Nagpur, ƙasar Indiya, cikin 1872, amma asalinsa mutumin Sikotilan ne. Ya koyi aikin likita a Edinbura, ya yi aikin mishan a ƙasar Sin, sa'an nan ya zo Nijeriya ta Arewa cikin 1905, yana likitan Gwamnati.

Duk inda aiki ya kai shi, ko Katagum, ko Sakkwato, ko Yola, sai ya shiga daji yana tsinko ganye da fure, ya busar, ya aika Lambun Kew a Ingila. Ba ya barin tsiro sai ya tambayi manoma da masu magani sunansa da amfaninsa. Daga nan ya fitar da littafin sunayen tsire-tsire da Hausa cikin 1916.

Ga misali ɗaya. Akwai wani tsiro da kan ɗare bisa itatuwa, furensa rawaya da ɗigo-ɗigo kamar fatar damisa. Hausawa na ce masa manta uwa, don akan ba yaro shi lokacin yaye. Mai kallo sai ya zaci kauci ne, amma ba haka ba. Kauci jinin itace yake sha, shi kuwa wannan wurin zama kaɗai ya ara, ruwan sama da ruɓaɓɓen ganye ne abincinsa. Masana sun sa shi cikin dangin okid, sunansa Ansellia africana, wanda John Lindley ya raɗa masa cikin 1844. Irin aikin Dalziel shi ne haɗa sunan gida da na masana, don kowa ya gane ɗan'uwansa.

Da ya bar aiki cikin 1922 sai ya koma Kew. Shi da John Hutchinson suka tsara babban littafin tsire-tsiren Afirka ta Yamma, daga 1927 zuwa 1936. Cikin 1937 ya ƙara da na amfaninsu. Ya rasu cikin 1948. Har yau itacen hano na ɗauke da sunansa, watau Boswellia dalzielii.

To, 'yan'uwa masu koyon malanta, birnin Abuja na ta cin daji, tsofaffin da suka san sunayen nan kuwa suna ƙarewa. In baƙo ya iya tambaya ya rubuta, ina dalilin da zai hana ɗan gida? Mu fita da yaranmu bakin kurmi, da littafi da fensir.