Hajime Hosokawa, likitan da ya gano cutar Minamata

An haifi Dakta Hajime Hosokawa a shekarar 1901 a lardin Ehime na ƙasar Japan, ya kuma yi karatun likita a Jami'ar Tokiyo.

A shekarar 1936 ya kama aiki da kamfanin Chisso mai yin takin zamani da sinadarai. Ya fara ne a Koriya, daga bisani aka naɗa shi shugaban asibitin masana'antar kamfanin da ke Minamata, wani garin masunta a bakin teku a kudu maso yammacin Japan.

Tun daga 1932 masana'antar ke sarrafa wani sinadari da ake buƙata wajen yin roba, tana amfani da zaiba a aikin. Ruwan daɗin da ke fitowa daga wurin, ɗauke da wani nau'in zaiba mai tsananin guba, ana kwararar da shi ne kai tsaye cikin mashigin tekun da jama'a ke kamun kifi.

Halittun teku ne suka fara nuna alama. A farkon shekarun 1950 an riƙa ganin matattun kifaye suna yawo a saman ruwa, ciyayin teku sun daina tsirowa, hankaki na faɗowa daga sama. Kyanwoyin da ke cin ragowar kifi kuwa sai su kama tangaɗi da farfaɗiya har su mutu.

Baƙuwar cuta

A watan Afrilun 1956 aka kai wata yarinya 'yar shekara biyar asibitinsa, ta kasa tafiya daidai, maganarta ta sarƙe, jikinta na fizga. Bayan kwana biyu ƙanwarta ma ta kamu.

Ranar 1 ga watan Mayun 1956 Dakta Hosokawa ya sanar da hukumar lafiya ta yankin ɓullar wata cutar jijiyoyi da ƙwaƙwalwa da ba a san ta ba. Wannan ce ranar da ake ɗauka a matsayin ranar gano cutar Minamata.

Da farko an zaci annoba ce mai yaɗuwa, aka riƙa ƙyamar marasa lafiyar. Amma masu bincike na Jami'ar Kumamoto sun lura cewa galibinsu iyalan masunta ne, kuma a watan Yulin 1959 suka ɗora alhakin cutar a kan zaiba. Laka da aka ɗebo kusa da magudanar masana'antar ta nuna kimanin kilo 2 na zaiba a cikin kowane tan guda.

Ƙananan halittun ruwa ne ke fara ɗaukar gubar, kifi ya cinye su, ta taru a jikinsa, daga nan ta kai ga ɗan Adam, har da jaririn da ke cikin ciki.

Kyanwa mai lamba 400

Kamfanin ya musanta zargin, sai likitan nasa ya shiga gwaji da kansa. Daga watan Yulin 1959 ya riƙa zuba ruwan daɗin sashen da ake zargi a cikin abincin wata kyanwa da aka ba lamba 400, kuma a watan Oktoba ta nuna alamun cutar.

Da ya kai sakamakon ga shugabanninsa, sai aka hana ci gaba da gwajin, aka kuma ɓoye abin da ya gano. Shi ma bai fito ya shaida wa duniya ba, kuma har yau ana tafka muhawara a kan wannan shiru nasa.

A watan Disambar shekarar kamfanin ya ba marasa lafiyar wasu 'yan kuɗin jaje, bisa sharaɗin ba za su ƙara neman diyya ba ko da an tabbatar da laifinsa. Dakta Hosokawa ya bar aiki a 1962 ya koma Ehime, yayin da gubar ta ci gaba da kwarara har zuwa 1968, shekarar da gwamnatin Japan ta amince a hukumance cewa masana'antar ce sanadi.

Shaida a kan gadon asibiti

A 1969 wasu iyalai suka kai kamfanin kotu. A watan Yulin 1970, yana kwance a wani asibiti a Tokiyo da ciwon dajin huhu, Dakta Hosokawa ya ba da shaida a kan gwajin kyanwar da yadda aka binne sakamakonsa.

Ya rasu a watan Oktobar 1970 yana da shekaru 69. A watan Maris na 1973 kotu ta samu kamfanin da laifin sakaci, kuma shaidarsa na cikin manyan hujjojin da aka dogara da su.

Ya zuwa 2001 mutane 2,265 hukuma ta tabbatar sun kamu da cutar. An kwashe gurɓatacciyar lakar, an killace mashigin da raga tun 1974, kuma sai a 1997, bayan shekaru ana auna zaiba a jikin kifaye, aka ce ana iya cinsu.

A 2013 ƙasashen duniya suka rattaba hannu a kan yarjejeniyar taƙaita amfani da zaiba, aka kuma raɗa mata sunan Minamata. Najeriya da Nijar, inda masu haƙar zinariya ke amfani da zaiba, suna cikin ƙasashen da suka amince da ita.