John Muir: Matafiyin da ya sa Amurka ta killace dazuzzukanta

A watan Maris na 1867, a wata masana'antar ƙera kayan keken doki da ke birnin Indianapolis na Amurka, magagari ya kuɓuce daga hannun wani ma'aikaci mai shekara 28, ya soke shi a idon dama. Ba a jima ba na hagun ma ya dushe. Mako shida ya yi a ɗaki mai duhu yana jinya. Da Allah Ya dawo masa da gani, sai ya ajiye aikin, ya ƙudurta ƙarar da sauran rayuwarsa wajen kallon halittu a daji. Sunansa John Muir.

An haife shi ranar 21 ga Afrilun 1838 a garin Dunbar na ƙasar Sikotland. Yana da shekara 11 iyayensa suka yi ƙaura zuwa jihar Wisconsin ta Amurka, suka kama noma. Mahaifinsa mai tsananin riƙo ne da addinin Kirista, yana ɗora wa 'ya'yansa aikin gona tun daga fitowar rana har faɗuwarta. Sai cikin dare yaron yake samun sararin karatu da ƙere-ƙere, har ya ƙera gadon da ke tuntsurar da mai barci idan lokacin tashi ya yi. Ya shiga Jami'ar Wisconsin, inda ya shaƙu da ilimin tsirrai da na duwatsu, sai dai bai tsaya karɓar digiri ba.

A watan Satumbar shekarar da ya ji raunin, ya kama hanya a ƙafa daga jihar Kentucky zuwa Florida, tafiyar kimanin kilomita 1,600. Kayansa ba su wuce 'yar jaka da katakon matse ganyaye ba. Shekara biyu ke nan da ƙare yaƙin basasar Amurka, ƙauyukan kudu na fama da talauci, hanya kuma ba ta rasa 'yan fashi. Ya haura tsaunuka, ya ratsa koguna da fadamu. A birnin Savannah guzurinsa ya ƙare, ya yi kwanaki yana kwana a maƙabarta kafin kuɗin da yake jira daga ɗan'uwansa su iso. Da ya kai Cedar Key a gaɓar teku, zazzaɓin cizon sauro ya kwantar da shi har ya kusa raba shi da duniya. Burinsa shi ne ya zarce Kudancin Amurka, amma jiki ya ƙi. Sai ya leƙa ƙasar Kuba, daga bisani ya shiga jirgin ruwa zuwa Kalifoniya a 1868.

A can ya ga Yosemite, wani kwari mai zurfi a tsaunukan Sierra Nevada, wanda ruwa ke zubowa cikinsa daga kan dogayen duwatsu. A 1869 ya karɓi aikin raka garken tumaki kimanin 2,000 zuwa makiyayar kan tsaunuka, ya ga da idonsa yadda kiwo marar ƙa'ida ke mayar da fili ƙura. Ya kan yi kwanaki shi kaɗai da busasshen burodi da ganyen shayi, yana nazarin zanen da ke jikin duwatsu. Daga nan ya yanke cewa tarin ƙanƙara mai gangarowa a hankali ne ya sassaƙe kwarin. Babban masanin duwatsu na jihar, Josiah Whitney, ya raina wannan ra'ayi, domin shi yana ganin ƙasa ce ta rufta. Binciken baya ya fi karkata ga makiyayin.

Ya yi aure a 1880, ya riƙe gonar 'ya'yan itace ta surukansa a Martinez, ya kuma samu rufin asiri. Amma rubuce-rubucensa ne suka ɗaga sunansa. Maƙalunsa a mujallar Century sun taimaka majalisar dokoki ta ayyana kewayen Yosemite gandun daji na ƙasa a 1890. A 1892 ya kasance cikin waɗanda suka kafa ƙungiyar Sierra Club, ya shugabance ta har ƙarshen rayuwarsa. A 1903 Shugaba Theodore Roosevelt ya kwana uku tare da shi a dajin, shekara uku bayan haka kwarin ya koma hannun gwamnatin tarayya. Tsufa bai zaunar da shi ba: yana da shekara 73 ya cika tsohon burinsa na ganin kogin Amazon, ya ƙetaro Afirka don ya ga bishiyar kuka.

Gwagwarmayarsa ta ƙarshe bai yi nasara a kanta ba. Birnin San Francisco, wanda girgizar ƙasa da gobara suka ragargaza a 1906, ya nemi gina madatsar ruwa a kwarin Hetch Hetchy da ke cikin gandun. Jama'a na bukatar ruwan sha, Muir kuma na ganin idan aka taɓa wuri ɗaya da doka ta killace, sauran ba su tsira ba. A Disambar 1913 Shugaba Woodrow Wilson ya sa hannu a dokar gina madatsar. Muir ya rasu ranar 24 ga Disambar 1914 a Los Angeles sakamakon ciwon huhu, yana da shekara 76. A 1916 aka kafa hukumar kula da gandun dazuzzukan Amurka.

Tarihinsa bai rasa tabo ba. Kwarin da ya ƙaunata gida ne ga 'yan asalin ƙasar, waɗanda aka fatattaka da ƙarfin bindiga kafin zuwansa, kuma a wasu rubuce-rubucensa ya ƙasƙanta su, haka ma baƙar fata. Ƙungiyar da ya kafa ta amsa wannan a fili a 2020.

A yau akwai hanyar ƙafa mai tsawon kimanin kilomita 340 da ke ɗauke da sunansa, daga Yosemite zuwa ƙololuwar tsaunin Whitney, wanda aka raɗa wa sunan masanin da ya raina shi. Kwarin Hetch Hetchy kuwa na ƙarƙashin ruwa, daga cikinsa mutanen San Francisco ke sha har yanzu.