Teresa ta Avila

Teresa ta Avila (28 ga Maris 1515 – 4 ga Oktoba 1582) 'yar zuhudu ce ta Cocin Katolika daga ƙasar Sifaniya, marubuciya, wadda ta kafa reshen Karmel marasa takalmi, na mata masu keɓe kansu domin addu'a.

Farkon rayuwa

Kakanta na wajen uba Bayahude ne da ya shiga Kiristanci. A 1535 ta shiga gidan zuhudun Karmel na garin Avila ba da son mahaifinta ba. Ba ta daɗe ba ta kamu da ciwon da ya shanye mata jiki kusan shekara uku.

Gyaran Karmel

Mata fiye da ɗari ne ke zaune a gidan. 'Ya'yan masu hali suna da ɗakunansu da barorinsu, baƙi kuma ba sa yankewa. Teresa ta ga addu'ar zuci ba za ta yiwu a haka ba. A ranar 24 ga Agusta 1562 ta buɗe ƙaramin gida mai sunan Waliyi Yusufu, inda ta ƙayyade mazauna su zama 13 kacal, cikin talauci da shiru, ba fita. Hukumomin garin suka kai ƙara, don gidan ba shi da kadarar da zai ci da kansa, suna tsoron nauyin zai faɗo kansu. Sunan marasa takalmi bai cika daidai ba: takalman igiya suke sawa.

Daga 1567 ta yi ta zagaya Sifaniya a keken alfadarai har ta kafa gidaje 17. Ita ce ta jawo Yohanna na Gicciye, wanda ya fara gyaran a ɓangaren maza. Masu adawa daga tsohon reshen sun tsare shi a Toledo a 1577. Sai a 1580 Fafaroma ya ba reshen gyara lardinsa.

Koyarwarta

A wurinta addu'a abota ce da Allah, kuma a ƙaunar maƙwabci ake gane ingancinta. Littafinta na 1577 ya kwatanta ruhi da fada mai masauki bakwai, Allah yana can a tsakiya.

Mutuwa

Ta rasu a Alba de Tormes a daren da aka sauya kalanda, washegari ya zama 15 ga Oktoba, ranar da ake idinta. An ayyana ta waliyiya a 1622. A 1970 Fafaroma Paul na VI ya ba ta matsayin Malamar Coci, mace ta farko da ta samu.