Jak Balma, mutumin Farin Dutse

Dutsen da ya gagara

A ƙasar Turai akwai wani jerin manyan duwatsu da ake kira Alp. Wanda ya fi su duka tsawo yana bisa iyakar Faransa da Italiya. Faransawa suna ce mashi Mon Bulan (Mont Blanc), wato Farin Dutse, domin rani da damina kanshi rufe yake da ƙanƙara. Tsawonshi wajen mita 4806 ne. Dutsen da ya fi kowane tsawo a Nijar yana cikin duwatsun Bagazam na ƙasar Azbin, tsawonshi mita 2022. Ke nan Farin Dutse ya ninka shi sau biyu, har da ƙari.

A gindin dutsen akwai wani kwari mai suna Shamoni (Chamonix). Can aka haifi Jak Balma (Jacques Balmat) cikin shekara ta 1762. A zamanin nan Shamoni ba ta cikin Faransa. Tana cikin ƙasar Sabwa, ƙarƙashin mulkin sarkin Sardeniya. Sai cikin 1860 Sabwa ta koma hannun Faransa.

Iyayen Balma manoma ne. Amma a wannan kwari sanyi yana daɗewa, lokacin noma kuwa gajere ne. Saboda haka samari sukan nemi wata sana'a. Balma ya zama maharbin awakin dutse, yana kuma neman waɗansu duwatsu masu ƙyalli kamar gilashi, yana saida wa baƙi. Wannan aiki ya koya mashi hawan wurare masu wuya, da jure yunwa da sanyi.

Duk da haka babu maharbin da ya taɓa kai bisa ƙololuwar Farin Dutse. Hanyar tana bi ta cikin kogunan ƙanƙara. Kogin ƙanƙara ba ruwa ba ne, daskararriyar ƙanƙara ce mai kauri wadda take gangarowa sannu sannu daga bisa. Wurin gangarowa takan tsage, ta bar ramuka masu zurfi. Wani lokaci sabuwar ƙanƙara mai laushi takan rufe bakin ramin, mai tafiya ya taka bai sani ba, ya rufta. Can sama kuma iska ba ta ƙosar da mai numfashi, sai mutum ya yi ta haki, kanshi ya yi ta ciwo. Ga hasken rana bisa farar ƙanƙara yana ƙona fuska, yana kashe ido. Mutanen kwarin sun ɗauka cewa duk wanda dare ya riske shi can sama ba zai ga safiya ba.

Alkawarin masanin Jeneba

Cikin 1760, tun ba a haifi Balma ba, wani saurayi masani ya zo Shamoni daga birnin Jeneba na ƙasar Suwis. Sunanshi Sosir (Saussure). Yana son ya san yadda iska da sanyi suke a wurare masu tsawo. Sai ya yi alkawarin ba da tukuici ga duk wanda ya gano hanyar kaiwa bisa Farin Dutse. Aka yi ta gwadawa, ana komowa. Shekara 26 suka wuce, babu wanda ya karɓi tukuicin.

Cikin watan Yuni na 1786 waɗansu mutanen Shamoni suka sake fita neman hanya, Balma ya bi su. Da suka ga abin ya faskara suka juyo. Balma ya tsaya baya, su kuwa suka sauka ba su jira shi ba. Dare ya same shi shi kaɗai cikin ƙanƙara, ba bukka, ba wuta. Ya kwana nan. Da gari ya waye ya sauko gida da ƙafarshi. Ranar nan aka gane cewa mutum yana iya kwana can sama ya rayu.

A Shamoni akwai wani likita, ɗan garin, mai suna Mishel Pakar (Michel Paccard), wanda aka haifa cikin 1757. Ya yi shekaru yana duban dutsen da madubin hangen nesa, yana nazarin hanyoyinshi, ya kuma gwada hawa da kanshi. Likita yana da ilimi da kayan awo, maharbi yana da ƙarfi da sabo da ƙanƙara. Suka shirya su tafi tare.

Ran 8 ga watan Agusta, 1786

Ran 7 ga wata suka bar gari, suka hau har ƙarshen wani tudu inda ƙanƙara ta fara, suka kwana cikin duwatsu. Da asuba suka kama hanya. Ba su da igiya, ba su da gatarin sare ƙanƙara. Dogayen sanduna masu ƙarfe a baki kaɗai gare su, da guzuri, da bargo, da kayan awon likita. In sun iske rami, sai su gitta sandunan bisa bakinshi su ƙetare da rarrafe. Iska mai ƙarfi ta taso, har ta fizge hular likita.

Suka wuni suna hawa. Can ƙasa mutanen Shamoni suka taru suna kallo. Cikinsu akwai wani baƙo Bajamushe, Gersdorf, wanda ya bi su da madubin hangen nesa, yana rubuta lokaci, yana zana hanyar da suka bi. Da ƙarfe 6 da minti 23 na marece aka hango mutum biyu bisa ƙololuwa.

Ba su daɗe ba, wajen rabin awa suka yi. Likita ya auna sanyi da nauyin iska, sa'an nan suka juyo. Wajen tsakar dare suka iso inda suka kwana jiya. Da safe idanun Pakar ba su gani, hasken ƙanƙara ya kashe su na ɗan lokaci, sanyi kuma ya ci hannuwanshi. Balma ya ja shi har gari. Amma murnar Balma ba ta cika ba. Ya bar jaririyar ɗiyarshi ba lafiya, ya komo ya tarar ta rasu.

Sunan mutum ɗaya

Balma ya tafi Jeneba ya kai ma Sosir labari, ya karɓi tukuici. Sarkin Sardeniya ya yi mashi kyauta, ya kuma yarda a haɗa sunanshi da na dutsen, aka riƙa ce mashi Balma Mon Bulan. Ran 3 ga watan Agusta, 1787, ya kai Sosir kanshi bisa ƙololuwa, tare da baranshi da jagorori 18 masu ɗauke da kaya. Sosir ya yi awa huɗu da wani abu can sama yana awo. Ya tafasa ruwa, ya ga ya tafasa da zafin da bai kai na ƙasa ba, domin iskar wurin ba ta da nauyi. Cikin 1808 kuma Balma yana cikin jagororin da suka kai Mari Paradi, wata ƴar aiki ta Shamoni. Ita ce mace ta farko da ta taka kan Farin Dutse.

To, ina likita Pakar cikin wannan ɗaukaka? Wani marubucin Jeneba mai suna Buri (Bourrit) ya daɗe yana son ya zama na farko bisa dutsen, bai samu ba. Sai ya baza labari cewa Balma shi kaɗai ya gano hanya, shi ya fara isa, likita kuwa ya gaji, sai da aka komo aka taimake shi. Pakar ya musanta. Balma ma ya sa hannu bisa wata takarda wadda ta shaida aikin likitan. Amma daga baya ya bi labarin da ya fi ɗaukaka shi.

Pakar ya rasu cikin 1827. Cikin 1832 wani shahararren marubucin Faransa, Alekzandar Duma (Alexandre Dumas), ya zo Shamoni ya zauna da Balma, lokacin yana tsoho mai shekara 70. Tsohon ya ba shi labari yadda ya ga dama, abokin tafiyarshi kuwa ba ya da rai balle ya gyara. Duma ya buga labarin cikin littafi, mutane masu yawa suka karanta, suka gaskata.

Neman zinariya

Kuɗin da Balma ya samu ba su zauna ba. Ya sa ma ranshi cewa akwai zinariya ɓoye cikin duwatsun ƙasarsu, ya yi shekaru yana nemanta. Cikin 1834, yana da shekara 72, ya hau duwatsun da ke bisa kwarin Sikst (Sixt) wurin wannan nema. Can ya faɗa wani rami mai zurfi. Ba a ga gawarshi ba har yau.

Cikin 1887 aka kafa gunkin mutum biyu a tsakiyar Shamoni: Balma yana nuna ma Sosir kan dutsen da hannu. Babu Pakar. Amma ramin ƙarya ƙurarre ne. Cikin ƙarni na 20 masana tarihi suka binciki tsofaffin takardu, har da rubutun Gersdorf, Bajamushen nan da ya kalli tafiyar da idonshi. Takardun suka nuna cewa likita ba jan shi aka yi ba, tare suka isa. Cikin 1986, da hawan farko ya cika shekara 200, aka kafa ma Pakar nashi gunki a Shamoni, yana zaune yana fuskantar dutsen.

Hanyar yau

A zamanin Balma baƙo yakan zo Shamoni da ƙafa, ko bisa alfadari, ko cikin keken doki. Cikin 1901 jirgin ƙasa ya iso garin daga tashar Fayye (Le Fayet). Yanzu mutum yana iya shiga jirgi a Pari ko mota ta haya a Jeneba, ya iso gindin dutsen cikin yini guda.

Daga Fayye akwai wani ƙaramin jirgi mai hawan dutse. Tsakanin ƙarafan hanyarshi an shimfiɗa wani ƙarfe na uku mai haƙora, ƙafar jirgin ma tana da haƙora, suna cizon juna don kada ya zame baya. Cikin 1913 hanyar ta kai wani wuri da ake kira Sheƙar Gaggafa (Nid d'Aigle), mai tsawon mita 2372. Jirgin yana zuwa can lokacin zafi kaɗai. Daga Shamoni kuma, tun 1955, akwai teleferik, wato akwatin ɗaukar mutane mai tafiya rataye ga igiyar ƙarfe. Cikin minti 20 yakan kai mutane kusa da kan wani tsauni mai tsawon mita 3842.

Duk da haka babu jirgin da ya kai ƙololuwa. Wanda ya sauka a Sheƙar Gaggafa yana da sauran fiye da mita 2400 da zai hau da ƙafarshi. Hanyar da yawancin mutane suke bi daga nan ba ita ce ta Balma da Pakar ba. Tana ƙetare wani kwazazzabo inda duwatsu suke gangarowa, mutane da yawa sun halaka a wurin. Masu hawa sukan kwana a masaukin Gute (Goûter), mai tsawon mita 3835, kuma sai sun kama wuri tun da wuri kafin a bar su su bi hanyar. Cikin dare sukan tashi da fitila a goshi, da takalma masu ƙusoshi, jagora yana gaba. Sukan ɗaure kansu ga igiya guda, biyu biyu ko uku uku, don in ɗaya ya zame sauran su riƙe shi.

Mutanen Shamoni ba su manta da Balma ba. Wurin da suka kwana ran 7 ga watan Agusta yana ɗauke da sunanshi har yanzu. In kuwa ana ba yara labarin ranar da aka fara hawan Farin Dutse, suna biyu ake faɗi: Jak Balma da Mishel Pakar.

Tambayoyi

1. Don me ake kiran wannan dutse Farin Dutse?
2. Me aka gane bayan Balma ya kwana shi kaɗai cikin ƙanƙara?
3. Wane abu likita yake da shi, wane abu kuma maharbi yake da shi?
4. Yaya aka yi sunan Pakar ya ɓace, yaya kuma gaskiya ta fito?
5. Shekara nawa ke tsakanin hawan farko da zuwan jirgin ƙasa Shamoni?
6. Mita nawa Farin Dutse ya fi dutsen da ya fi tsawo a Nijar?