Vincent Figgins (1766-1844): Maƙerin Haruffa Masu Kaurin Ƙafa

An haifi Vincent Figgins a Ingila a shekarar 1766. Ya koyi ƙirar haruffan ɗab'i a Landan wajen Joseph Jackson, wanda shi ma ya koya a maƙerar William Caslon. Da rashin lafiya ya kama ubangidan nasa, Figgins ne ya riƙe maƙerar. Amma da Jackson ya rasu a 1792, ƙarancin jari ya hana shi gadonta, sai William Caslon na Uku ya saye ta. Mawallafi John Nichols ne ya ƙarfafa masa gwiwa ya kafa tasa.

Ayyukansa na farko na littattafai ne. Ya ƙera haruffan da aka ƙarasa buga Baibul ɗin Macklin da su, da na Girkanci ga maɗaba'ar Jami'ar Oxford, da na Farisanci. Sai dai sunansa ya fi fita ta wata fuskar. A farkon ƙarni na 19 kasuwanci ya bunƙasa a Landan, bangaye suka cika da takardun tallar haja da wasanni da caca. Siraran haruffan littafi kuwa ba sa karantuwa daga nesa.

A littafin samfurinsa mai ɗauke da shekarar 1815, Figgins ya fito da wani salo da ya kira Antique, wanda masana ke ɗauka a matsayin irinsa na farko da aka sa a kasuwa. Manyan haruffa ne zalla. 'Yan ƙafafun da ke ƙarshen layukan harafi, waɗanda aka saba yi sirara, ya mai da su murabba'i masu kauri kusan daidai da jikin harafin. Da haka harafin ya yi nauyi, ya sha tawada, ba shi da siririn layin da zai ɓace wa idon mai wucewa. Wasu maƙera sun kira salon na Masar, saboda yayin abubuwan Masar da ya biyo bayan yaƙin Napoleon na 1798, ko da yake bai haɗa komai da rubutun Fir'auna ba.

Ba kowa ya karɓe shi ba. Maɗabi'i Thomas Hansard ya kushe irin waɗannan haruffa a 1825. Sukar tana da tushe idan shafin littafi ake nufi, domin kaurin yana cushe layi, ya gajiyar da ido. Muhallinsu shi ne kanun labarai da fosta da allon shago, inda kalmomi kaɗan ke neman a gan su nan take.

Figgins ya bar wa 'ya'yansa Vincent da James maƙerar a 1836, ya rasu a Peckham a 1844. Clarendon na 1845 da Rockwell na 1934 duk tafarkinsa suka bi.