Marigayi Umaru Ganda, sojan da ya zama uban silima a Nijar

Masu karatu, duk wanda ya je Yamai ya san babban gidan al'adun da ake kira da sunan Umaru Ganda. Ga tarihin mai sunan a taƙaice.

An haifi Umaru Ganda a Yamai cikin shekarar 1935, Bazabarme ne. Bayan ya yi lakwal ta fari, sai ya shiga aikin sojan Faransa yana da shekara 16, aka kai shi yaƙin Indoshin. Da ya komo gida bai sami aikin yi ba. Don haka ya bi hanyar da samarin Kurfai da na Zabarma suka saba bi bayan kaka, ya tafi bakin teku neman abin kai. A Abijan ya zama ɗan dako a tashar jiragen ruwa.

Can ne ya gamu da Bafaranshe Jean Rouch, mai binciken zaman ƴan cin rani. Rouch ya sa shi babban ɗan wasa cikin fim ɗinsa mai suna Moi, un noir, wanda ya fito a 1958, ya kuma sami lambar yabo a Faransa. Wahalar Umaru ce aka nuna, muryarsa ce aka ji, amma na'urar ɗaukar hoto tana hannun wani. Wannan ne ya sa da ya dawo Yamai ya shiga koyon aikin a gidan al'adun Faransa da Nijar, domin ya ba da labarin mutanensa da kansa, cikin harshen Zabarmanci.

Fim ɗinsa na farko shi ne Cabascabo, na 1968. Labarin tsohon soja ne da ya dawo daga Indoshin da ɗan abin hannunsa, abokai da maroƙa suka kewaye shi har kuɗin suka ƙare, sa'an nan suka watse, shi kuwa ya koma gona. An nuna shi a bikin silima na Cannes da na Mosko a 1969.

Bayansa ya yi Le Wazzou polygame. A ciki wani alhaji ya auri yarinyar da aka riga aka yi wa wani saurayi alkawarinta, iyayenta suka bi dukiya, kishi ya kai ga kisan kai. Wannan fim ne ya ci babbar lambar bikin Fespaco na Wagadugu a 1972, karo na farko da aka ba da ita. Sai Saïtane, wanda ya tona asirin malamin tsibbu mai ci da addini. Na ƙarshe shi ne L'Exilé, na 1980, a kan nauyin alkawari: magana zarar bunu ce, in ta fita ba ta komawa.

Abin lura a nan shi ne, Umaru bai ɓata lokacinsa wajen zagin baƙo ba. Laifin gida ya duba: almubazzaranci, auren dole, yaudara da sunan Allah. Mai son ka shi ke gaya maka gaskiya ko da ɗaci. Ya yi wannan aiki ne cikin ƙarancin kuɗi da kayan aiki, yana rubuta labari, yana shiryawa, yana kuma fitowa cikin wasan.

Allah ya yi masa rasuwa ranar 1 ga watan Janairu 1981, yana da shekara 45. A zamanin mulkin shugaba Seyni Kountché, ɗan Fandu ta ƙasar Filinge, aka raɗa wa gidan al'adun Yamai sunansa. Bikin Fespaco kuma ya ware lamba da sunan Umaru Ganda, wadda ake ba mai shirya fim a kan babban fim ɗinsa na farko.

Allah ya jiƙansa, ya ba ƙasarmu masu gadonsa.