UMMU KULSUM TA MASAR: 'YAR LIMAN DA TA ZAMA TAURARUWAR GABAS

 

Ya 'yan'uwa matasa, na san wasu za su yi mamakin ganin sunan mawaƙiya a wannan fili da muka saba kawo tarihin malamai da mazan jiya. Dalilina shi ne, duk wanda ya zauna da ɗalibanmu da suka dawo daga Azhar ya ji wannan suna a bakinsu, wani ya yabe ta, wani ya ja tsaki. Ba fatawa zan bayar a kan kiɗa ba, wannan fage ne na manyanmu. Tarihi zan kawo.

Sunanta na yanka Fatima, 'yar Shaihu Ibrahim al-Baltaji. An haife ta a wani ƙauye da ake kira Ɗammayuz-Zahayira a lardin Daƙahliyya, arewacin Masar. Marubuta sun saɓa a kan shekarar haihuwarta, wasu suka ce 1898, wasu 1904. Mahaifinta limamin masallacin ƙauyen ne, talaka futuk, abin da ake ba shi a wata ba ya riƙe gida. Saboda haka yakan je wuraren mauludi da bukukuwa yana rera ƙasidun yabon Manzon Allah (SAW) ana ba shi ɗan abin da ya samu.

Shaihu Ibrahim ɗansa namiji, Khalid, yake koya wa ƙasidun. Yarinyar kuwa tana gefe tana saurare, har ranar da aka ji tana maimaita su daidai, da murya da ta fi ta wanta ƙarfi. A makarantar allo ta ƙauyen ta yi karatun Alƙur'ani, aka gyara mata harshe, ta san mafitar kowane harafi. Daga nan uban ya fara tafiya da ita. Amma don kunyar a ce liman yana yawo da 'yarsa tana waƙa gaban maza, sai ya sa mata tufafin yara maza da rawani irin na Larabawan ƙauye. A haka ta yi shekaru, daga wannan ƙauye zuwa wancan, wani lokaci a ƙafa, wani lokaci a kan jaki.

Yawancin waɗannan labarai na ƙuruciya daga bakinta suka fito. Shekaru kaɗan kafin rasuwarta ta zauna da wani ɗan jarida, Mahmud Awad, ta ba shi tarihinta, ya fitar da shi a littafi da sunan Ummu Kulsum Wadda Ba Wanda Ya Sani. A ciki ne ta faɗi yadda mahaifiyarta ta dage sai an sa ta makaranta duk da babu kuɗi, da yadda ladanta na farko a gidan dagacin ƙauye ya zama kwano ɗaya na muhallabiyya, wani irin kunun madara mai zaƙi. Masarawa sun so littafin ƙwarai, don sun ga kansu a ciki. Sai dai mai karatu da lura zai ga cewa sunan littafin ya fi abin da ke cikinsa girma. Ta yi doguwar magana a kan talauci da ƙauye da tarbiyyar uba, ta taƙaita ainun a kan rigingimunta da abokan sana'a da sha'anin zuciyarta. A ganina mace ce da ta san irin hoton da take so a bari nata, kuma shi ta bari.

A 1923 iyalin suka koma Alƙahira. Shaihu Abul Ila Muhammad ya ɗauke ta ɗaliba, ya koya mata rera ƙasidun Larabci na asali. Mawallafi Ahmad Rami ya buɗe mata littattafan adabi, ya kuma rubuta mata waƙoƙi fiye da ɗari. Birni bai karɓe ta da sauƙi ba. An yi mata dariyar ƙauyanci, kuma a 1926 wata mujalla ta buga ƙazafi a kan mutuncinta, har uban ya yi niyyar mayar da ita gida. A wannan shekarar ce ta sauya 'yan amshinta na gida da makaɗa gwanaye, cikinsu har da Muhammad al-Ƙasabji mai kaɗa udu.

Da aka buɗe gidan rediyon gwamnatin Masar a 1934, muryarta na cikin waɗanda aka fara ji. Daga baya ta kafa al'adar da aka san ta da ita har 1973: daren Alhamis ta farko a wata, a lokacin da take wasa, za ta tsaya da hankici a hannu ta rera waƙa biyu ko uku, kowacce tana iya kai sa'a guda ko fiye. Tituna kan yi tsit daga Bagadaza har Rabat, mutane sun kewaye rediyo.

Mene ne sirrin? A nan ne ni malamin Larabci nake da abin faɗa. Ƙarfin murya da dogon numfashi wasu ma suna da su. Abin da ta fi su shi ne harshe. Ba ta haɗiye harafi, ba ta karya wasali, ta san inda ake tsayawa da inda ake ja. Baiti ɗaya sai ta maimaita shi sau da yawa, kowane karo da wata karya murya dabam, amma ma'anar tana nan a fili. Masarawa da kansu sukan danganta wannan ga tajwidin da ta koya tun tana ƙarama. Da wannan harshe ta ɗauki ƙasidun Ahmad Shauƙi masu wuya, irin su Nahjul Burda da Wulidal Huda na yabon Annabi (SAW), da sautin Riyad as-Sunbaɗi, ta sa su a bakin manomi da direba waɗanda ba su taɓa buɗe diwani ba. A 1967 ta rera fassarar baitocin Muhammad Iƙbal na Pakistan, a 1971 kuma ƙasidar wani malamin makaranta ɗan Sudan, al-Hadi Adam.

Halinta kuwa, a nan bakin mutane ya rabu. Masoyanta sun ce mai kamun kai ce, mai addini, ba a taɓa ganinta da shigar banza ba, kuma ba ta manta ƙauyensu ba. Waɗanda suka yi aiki da ita da yawa sun ce tana da tauri a ciniki, tana da kaifin baki wajen barkwanci, kuma ba ta son kowa ya sha gabanta. Ita ce ta shugabanci ƙungiyar makaɗan Masar na shekaru. Zakariyya Ahmad, wanda yana cikin waɗanda suka jawo ta Alƙahira, sai da ya kai ta kotu a kan haƙƙinsa, ba su shirya ba sai 1960. Al-Ƙasabji kuwa ta daina karɓar sautinsa, ya ci gaba da zama a bayanta yana kaɗa udu har ya rasu a 1966. Bayan rasuwarsa ta bar kujerarsa babu kowa a kai.

Akwai kuma zargin bin masu mulki. Sarki Faruƙ ya ba ta lambar girma a 1944. Da sojoji suka kifar da shi a 1952 aka hana sa waƙoƙinta a rediyo na ɗan lokaci, Jamal Abdunnasir ya soke hanin, ta zama ta kusa da shi. Bayan kayen da Isra'ila ta yi wa Larabawa a 1967, wasu marubuta suka ce waƙoƙinta na soyayya sun zama abin maye da ya kwantar da al'umma. Mai wa'azi Shaihu Abdulhamid Kishk ya sha caccakarta a kan mumbari, yana ganin bai dace tsohuwa ta tsaya tana waƙar bege ba. Kuma gaskiya ne, yawancin waƙoƙinta na soyayya ne, na addini su ne kaɗan; kada wani ya rufe wannan don son yabo. Ita kuwa bayan yaƙin sai ta fita yawon ƙasashe, Faris a Nuwamba 1967, sannan Maroko, Tunisiya, Kuwait, Sudan da Libiya, tana zuba abin da ta samu a baitulmalin ƙasarta.

Ta auri likita Hasan al-Hifnawi a 1954, Allah bai ba ta haihuwa ba. Baƙin tabarau da aka san ta da shi ba ado ba ne, ciwon ido ne ya sa.

Ta rasu ranar 3 ga Fabrairu 1975. Ranar jana'iza aka yi mata salla a masallacin Umar Makram, jama'a suka cika tituna, ana ƙiyasta su da miliyoyi. Suka ƙwace makarar daga hannun jami'ai, suka yi ta miƙa ta daga kafaɗa zuwa kafaɗa na sa'o'i, har masallacin Sayyidina Husaini, kafin a karɓe ta a kai maƙabarta. Gidanta na unguwar Zamalik an rushe shi bayan 'yan shekaru, aka gina otal a wurin. Tabaranta da hankicinta suna ajiye a wani ɗan gidan tarihi da aka buɗe a tsibirin Rauda a 2001.

Allah Ya gafarta mata, Ya gafarta mana.